Sauri a Kan Injin Aro: Umarnin Furosesa da Lissafin 'Yan Sa-kai

A watan Maris na 2006, mutanen da ke ba shirin binciken sararin samaniya na Einstein@Home aron kwamfutocinsu suka ga abin mamaki. Aikin da inji ya saba kwashe sa'o'i yana fama da shi, sai ga shi yana ƙarewa tun kafin a waiwayo, alhali ba wanda ya sayi sabon inji ko ya ƙara wa tsohon wani ƙarfe. Wani ɗan sa-kai ne daga ƙasar Hungary, gwanin rubuta manhaja, ya zauna ya gyara manhajar shirin domin ta ci moriyar wasu umarni da suke kwance cikin furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta mai yin lissafi, tun daga masana'anta, wato SSE da SSE3 da 3DNow!. Sauri ya ninka sau da dama. Masu shirin ba su tsaya girman kai ba, suka jawo shi cikin aikin manhajarsu ta gaba.

Ƙarfin nan dama yana cikin injin, kuma ana biyan kuɗin wutarsa, manhaja ce kawai ba ta iya kiransa ba. Wannan ne ya sa nake ganin gyaran manhaja domin ta dace da umarnin furosesa haƙƙi ne da ɗan sa-kai yake bin masu shiri. Sai dai haƙƙin yana tafe da sharaɗi mai nauyi, kuma sharaɗin ne ya fi cin lokacin masu wannan sana'a.

Tsarin kansa ba shi da wuyar fahimta. Masu bincike suna da lissafin da ya fi ƙarfin injinansu, sai su gutsuttsura shi ƙanana, su raba wa dubban mutane ta intanet, kowa injinsa ya yi nasa gutsuren a lokacin da ba ya komai, ya mayar da amsa. George Woltman ya fara GIMPS a 1996 domin farautar manyan lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da ɗaya. Distributed.net ya biyo baya a 1997. SETI@home na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya fito a watan Mayu na 1999 yana tace bayanan na'urar sauraron sararin samaniya ta Arecibo, Folding@home kuma ya fara a Stanford a 2000 yana nazarin yadda furotin ke naɗewa. A 2002 David Anderson ya assasa BOINC, dandalin da yawancin irin waɗannan shirye-shirye suke hawa a yau. Abin da ya raba su da cibiyar lissafi ta jami'a shi ne, a cibiya injinan iri ɗaya ne kuma mai su ya san su ciki da waje. A nan kuwa mai shiri bai taɓa ganin injin da zai yi masa aiki ba. Wani sabo ne fil, wani ya shekara goma sha biyar, wani wayar hannu ce.

Kowane furosesa yana da ƙayyadadden jerin umarnin da yake ji: tara wannan da wancan, ninka, ɗauko daga ma'ajiya, ajiye. A tsohon tsari umarni ɗaya lamba biyu yake haɗawa ya ba da amsa ɗaya. Daga ƙarshen shekarun 1990 masu ƙera furosesa suka fara ƙara wasu umarni da ke yin aiki iri ɗaya a kan lambobi da yawa a bugu guda. Kamar mai buga bulo ne da ya ajiye ma'aunin da ke fitar da bulo ɗaya ya ɗauki mai gida takwas: hannunsa bai ƙara sauri ba, amma kowane bugu takwas yake zubarwa. Intel ta kawo MMX a 1997, AMD ta amsa da 3DNow! a 1998. SSE ya zo da Pentium III a 1999 da faɗin bit 128 (bit shi ne gurbi ɗaya mai ɗaukar 0 ko 1), wanda ke ɗaukar lambobi masu ɗigo huɗu na bit 32. SSE2 na Pentium 4 a 2000 ya ba da damar lambobi biyu na bit 64, waɗanda lissafin kimiyya ya fi dogara da su. AVX ya ninka faɗin zuwa 256 a 2011. A 2013 furosesan Haswell na Intel ya zo da AVX2 da kuma FMA, umarnin da ke ninkawa ya tara a mataki ɗaya. AVX-512 ya sake ninka faɗin, ya iso manyan furosesoshin Intel na Skylake a 2017, AMD kuma ta karɓe shi a Zen 4 a 2022. Furosesoshin ARM da ke cikin wayoyi suna da nasu mai suna NEON, faɗin 128.

Lissafin kimiyya ya dace da wannan tsari ƙwarai, domin yawancinsa maimaita abu ɗaya ne a kan miliyoyin lambobi. SETI@home da GIMPS duk an gina su ne a kan dabarar lissafin nan da ake kira FFT, wadda kusan dukkanta ninkawa ce da tarawa a jere. Folding@home yana lissafa jan da kowane atam ke yi wa maƙwabtansa, sau biliyoyi.

To amma wanda ya ɗauka faɗi takwas na nufin sauri takwas zai sha mamaki. Ba kowane sashe na manhaja ne ke shiga wannan ma'auni ba. Akwai inda sai an ga amsar mataki na farko kafin a san na biyu, akwai inda ake yanke shawara a kan kowace lamba ita kaɗai. Gene Amdahl ya yi bayanin wannan iyaka tun 1967, kuma lissafin a fili yake. Idan kashi 80 cikin ɗari na lokacin aiki ne za a iya ninka saurinsa sau takwas, duka aikin zai yi sauri sau uku da ɗoriya ne kawai. Idan rabi ne, ko ninki biyu ba za a kai ba.

Iyaka ta biyu ta fi wannan cizo a injinan zamani. Mai ma'auni mai gida takwas, idan yashi da siminti ba sa isowa da sauri, tsayuwa zai yi yana jira. Furosesa yana da ƙaramar ma'ajiya a jikinsa mai matuƙar sauri, amma ba ta da girma. Da zarar lambobin aiki sun fi ƙarfinta, dole a riƙa ɗebo su daga RAM, babbar ma'ajiyar da ke wajen furosesa, wadda tafiyarta ta fi nawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa masu farautar lambobi a GIMPS da PrimeGrid suka koyi wani abu da ya saɓa wa tunanin farko: maimakon a ba kowace ƙwayar furosesa (sashen da ke iya aiki shi kaɗai) nata aikin daban, sau da yawa gara a haɗa ƙwayoyi da dama a kan aiki ɗaya, domin lambobinsa su zauna cikin ma'ajiyar kusa. Inji ɗaya, umarni ɗaya, amma yadda aka tsara zirga-zirgar lambobi ya canza yawan abin da ake gamawa a yini. Mai gyaran da ya san aikinsa ya fi ɓata lokaci a kan wannan zirga-zirga fiye da zaɓen umarni.

Sai matsalar wa ke da me. Idan aka aika manhajar da aka gina da AVX zuwa furosesan da bai san AVX ba, ba a hankali zai yi aikin ba, tsayawa zai yi cak a umarnin farko da bai gane ba, aikin ya mutu. Shekarar ƙira ma ba ta isa hujja ba. Intel ta shafe shekaru bayan 2011 tana sayar da Pentium da Celeron marasa AVX. Alder Lake na Intel na 2021, wanda ya haɗa manyan ƙwayoyi da ƙanana, an rufe masa AVX-512 domin ƙananan ba su da shi, alhali wasu furosesoshin da suka girme shi suna da shi. AMD ta taɓa kawo nata FMA4 a 2011, daga baya ta bar shi, kamar yadda ta bar 3DNow!. Kuma ko furosesa ya iya, sai babbar manhajar kwamfutar ta san yadda za ta adana waɗannan faffaɗan gurabe idan tana sauya aiki. Windows 7 bai iya AVX ba sai da aka yi masa sabuntawar SP1.

Hanyoyin magance wannan biyu ne. A ta farko, shiri ya gina manhaja iri-iri, kamar yadda Asteroids@home ya fitar da ta SSE2 da SSE3 da AVX da FMA. Manhajar BOINC da ke kan injin ɗan sa-kai tana tambayar furosesa abin da ya iya ta umarnin CPUID, ta sanar da cibiya, cibiya ta aiko waɗanda suka dace, ta auna lokacin da kowacce ta ci a wannan injin, sannan ta zauna a kan mafi sauri. A ta biyu, manhaja ɗaya ce ke ɗauke da hanyoyi da yawa a cikinta, ta zaɓa da kanta idan ta tashi. Prime95, manhajar GIMPS, haka yake yi, kundin manhajar lissafi na FFTW da Matteo Frigo da Steven Johnson suka rubuta a MIT ma gwada hanyoyi yake yi ya ɗauki wadda ta fi gudu. Abin da ya burge ni a duka biyun shi ne ba sa yarda da abin da aka rubuta a jikin kwali. Aunawa suke yi. Akwai injinan da tsohuwar hanya ta fi sabuwa gudu a kansu, kuma agogo ne kaɗai zai faɗa.

Akwai dalilin tarihi na wannan taka-tsantsan. An daɗe ana ƙorafi cewa manhajar Intel da ke juya rubutun mai shiri zuwa harshen inji tana sa a duba sunan kamfanin da ya ƙera furosesa, ba abin da ya iya kaɗai ba, ta yadda furosesan wani kamfani zai iya faɗawa hanya mai nawa ko da yana da umarnin. Batun yana cikin ƙarar da hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta shigar a 2009, aka sasanta a 2010 bisa sharaɗin Intel ta riƙa bayyana hakan a fili. Ga shirin da wani babban kaso na 'yan sa-kansa ke kan AMD, irin wannan zaɓi asara ce ta kai tsaye.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu maganar sauri ce. Inda gizo ke saƙar shi ne amsa.

Kwamfuta ba ta riƙe lamba mai ɗigo dukkanta. Tana da gurbi ƙayyadadde, abin da ya yi saura sai ta datse. Saboda wannan datsewa, jerin da aka bi wajen tarawa yana iya canza amsa. Kowa zai iya gwadawa: a lissafin bit 64 na yau da kullum, idan ka tara 0.1 da 0.2 sannan ka ƙara 0.3, za ka sami 0.6000000000000001. Idan ka fara tara 0.2 da 0.3 sannan ka ƙara 0.1, za ka sami 0.6. Yanzu ka duba abin da AVX ke yi idan aka ba shi lambobi miliyan ya tara. Ba ɗaya bayan ɗaya yake bi ba, kasa su yake yi kashi huɗu ko takwas, ya tara kowane kashi, sannan ya haɗa a ƙarshe. Jeri ya canza, wutsiyar amsa ta canza. FMA kuma sau ɗaya yake datsewa inda tsohuwar hanya ke datsewa sau biyu, don haka amsarsa ta fi kusa da gaskiya, amma ta bambanta da ta injin da ba shi da shi. Tsohon sashen lissafi na x87 ma da bit 80 yake aiki a ciki, SSE2 kuma da 64.

Wannan ɗan bambanci ya zama babban al'amari saboda yadda ake tabbatar da amsa. Mai shiri ba zai iya yarda da injin da bai sani ba ido rufe, domin akwai injin da ya lalace, akwai wanda aka tilasta wa gudu fiye da ƙima, akwai kuma mai ha'inci. Hanyar da aka saba ita ce a ba inji biyu aiki ɗaya a gwada amsoshinsu. Idan sun saɓa, tambaya ta taso: ɗaya ne ya yi kuskure, ko kuwa dukkansu daidai suke, umarninsu ne ya bambanta? A wasu ayyuka ana iya cewa in dai tazarar ba ta wuce kaza ba a karɓa. Amma akwai lissafin da ƙanƙanin bambanci ke girma a cikinsa har ya cinye amsar, irin na hasashen yanayi ko tafiyar ƙwayar zarra. A nan ba wata tazara da za a iya gindayawa.

Shirye-shirye sun bi hanyoyi daban-daban. BOINC yana da tsarin da ke tura kwafi biyu na aiki ɗaya zuwa injina masu kama da juna kawai, furosesa iri ɗaya da babbar manhaja iri ɗaya, domin a gwada amsa harafi da harafi. Yana aiki, sai dai injin da ba shi da 'yan'uwa da yawa yakan daɗe yana jiran abokin gwaji. LHC@home na cibiyar binciken CERN ta Turai, wanda manhajarsa SixTrack ke bin ƙwayar zarra tana kewaya zoben na'urar cibiyar mai tsawon kilomita 27 sau dubban ɗaruruwa, ya ɗauki hanya mafi wuya. Sun gano cewa wasu ayyukan lissafi na asali ba sa ba da wutsiya ɗaya a kan furosesoshi daban-daban, sai suka maye gurbinsu da kundin manhajar crlibm da aka rubuta a Lyon ta Faransa, wanda ke tabbatar da datsewa daidai a ko'ina, suka kuma hana manhajar juya rubutu sauya jerin lissafi yadda ta ga dama. Sun sadaukar da wani abu na sauri, suka sami amsa ɗaya tak a kowane inji. A ganina wannan ciniki ne mai riba, domin aikin da aka gama cikin rabin lokaci amma aka kasa tabbatar da shi, sai an sake shi a inji na uku, wani lokaci har na huɗu. Nan ne sauri ke haifar da nawa.

GIMPS ne ya fi kowa ɗanɗana wannan. Gwajin Lucas-Lehmer, wanda ke duba ko lamba 2 a ninke sau p a cire ɗaya tana rabuwa ko ba ta rabuwa, yana buƙatar a ninka wata ƙatuwar lamba da kanta kusan sau p, kowane mataki a kan amsar na baya. Idan p ya haura miliyan 100, bit ɗaya da ya juye a ko'ina cikin wannan doguwar tafiya ya ɓata aikin makonni. Prime95 yana yin ninkawar da lambobi masu ɗigo, yana kuma sa ido a kan girman datsewar: idan ta doshi rabi, ya san amsa ta shiga haɗari, sai ya koma baya. Woltman ya rubuta zuciyar manhajar da hannu a harshen inji, yana sake ta duk lokacin da sabon umarni ya fito, kuma ta matse furosesa har ta zama abin da masu haɗa kwamfuta ke gwada lafiyar inji da shi. A farkon 2016 ita ce ta tono wani aibi a furosesoshin Skylake, inda wani nau'in lissafin AVX ke sandarar da inji, har Intel ta fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, manhajar da ke tayar da inji. Shekaru da yawa maganin GIMPS shi ne a maimaita kowane gwaji a wani inji. A 2017 Robert Gerbicz ya kawo dabarar da ke kama kuskure ana cikin tafiya, a 2020 kuma aka ƙara hujjar lissafi da ke ba da damar tabbatar da gwaji da ɗan ƙaramin aiki maimakon maimaita shi dukka. Wannan ya kusan ninka amfanin shirin ba tare da sabon umarni ko ɗaya ba, kuma ya sa ana iya sakin sabuwar hanya mai gudu da kwanciyar hankali, tunda in ta kauce za a gani.

Akwai kuma ɓangaren da jadawalin sauri ba ya nunawa, wato jikin injin. Faffaɗan umarni suna kunna sassa da yawa na furosesa a lokaci guda, wuta ta ƙaru, zafi ya ƙaru. Furosesoshin Intel na farko masu AVX-512 sukan rage bugun agogonsu idan suka shiga irin wannan aiki, har masu ƙera allon kwamfuta suka sa wurin da mutum zai rage gudu musamman domin AVX. AMD a Zen 4 ta raba umarnin 512 gida biyu a kan hanyar 256, sai a Zen 5 na 2024 ta ba manyan furosesoshinta cikakken faɗi. Yawanci idan aka auna wutar da aka ci a kan kowane aiki da aka gama, hanya mai faɗi ce ke cin nasara, domin tana gamawa da wuri. Amma ƙaramar kwamfutar cinya da fankarta ta cika da ƙura ba jimillar wuta ta dame ta ba, zafin wannan minti ne. Injin na wani ne, da kuɗinsa ya saya, shi zai gyara idan ya ƙone. Shirin da ya tura manhaja mai zafi ba tare da ya faɗa wa mutane a fili ba, ya kuma nuna musu inda za su rage yawan ƙwayoyi ko kason lokaci, ya ci amanar da aka ba shi. PrimeGrid yana gargaɗin mutane a kan zafin ayyukansa na gwajin lambobi mai suna LLR, kuma haka ya kamata kowa ya yi.

Maki ma sun shiga ciki. BOINC yana ba da maki a kan aiki, ba kuɗi ba ne, amma mutane suna kafa ƙungiyoyi suna gasa a kansu da gaske. Wannan gasa ce ta haifar da gwanayen gyara irin ƙungiyar Lunatics ta SETI@home, bayan an buɗe asalin rubutun manhajar ga kowa. BOINC ya bar ƙofa ga wanda ke son gudanar da manhajar da ya gina da kansa, kuma wani abu daga aikin waɗannan mutane ya koma cikin manhajar shirin ta hukuma. Haɗarin a bayyane yake: mai neman maki yana iya tsallake matakin da yake ganin ba shi da amfani. Amma rufe rubutu bai taɓa hana masu taɓa manhaja taɓawa ba, iyaka dai ya hana nagari taimakawa. Abin da ke kare kimiyya shi ne mai tantance amsa a cibiya ya kasance mai tsauri, makin kuma a biya shi a kan amsar da ta tabbata.

Wani zai ce duk wannan ya zama tarihi tunda katin hoto, sashen kwamfuta da aka ƙera domin zana hotuna, ya karɓe fage. Gaskiya ne cewa ƙarfin da Folding@home ya tara a 2020 lokacin annobar korona, wanda ya haura lissafi biliyan sau biliyan biyu a daƙiƙa, yawancinsa daga katunan hoto ya fito. Lamba mafi girma da GIMPS ya gano, 2 a ninke sau 136,279,841 a cire ɗaya, mai alƙaluma 41,024,320, Luke Durant ya same ta ne a Oktoban 2024 da katunan hoto na haya a cibiyoyin bayanai. Sai dai katin hoto wannan dabara ce dai aka faɗaɗa ta zuwa dubbai, kuma duk matsalolin jerin tarawa da jiran ma'ajiya da zafi sun bi ta can. Ban da haka, akwai ayyukan da ba su zauna a kansa ba. Rosetta@home na ɗakin binciken David Baker a Jami'ar Washington, wanda ya sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024, a kan furosesa ya yi aikinsa, haka ma climateprediction.net na Oxford.

Tambayar da ta rage wa kowane shiri ita ce yaushe zai saki tsofaffin injina. Kowace hanya da aka ƙara, sai an gwada ta, an kula da ita, an tabbatar amsarta ta yi daidai da sauran, kuma yawancin shirye-shiryen nan mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da manhajarsu a gefen aikin bincike. Duk furosesan x86 (irin na Intel da AMD) mai bit 64 yana da SSE2, tun daga na AMD na 2003, don haka wannan ƙasa ce da kowa zai iya tsayawa a kai. Ni dai da za a tambaye ni, hanya ɗaya ta SSE2 domin kada a kori kowa, ɗaya ta AVX2 da FMA inda mafi yawan injinan yau suke, ɗaya ta NEON domin ARM, sun wadatar da yawancin shirye-shirye. AVX-512 kuwa sai an auna an ga lissafin shirin yana zama cikin ma'ajiyar kusa, an kuma ga amsoshinsa suna wucewa wurin mai tantancewa daidai da na sauran, kafin a tura shi injin kowa.